Kan ɗamarar Pathelin: neman ɗan ƙaramin ƙarfe cikin tarihin Turai

Bara, da ni da ɗalibaina na lise muka shirya nuna Maître Pathelin, wasan barkwancin nan na Faransa na ƙarni na 15, sai da aka zo gwajin tufafi sa'an nan wani ɗan abu ya tsaya mini a rai. Mun yi ƙoƙari gwargwadon hali. Tela ya ɗinka wa lauya doguwar riga, ya yi wa makiyayi taguwa mai haɗe da hula, alƙali kuma muka aro masa baƙin yadi. Amma da yaron da ke fitowa a matsayin mai sayar da yadi ya hau dandamali, sai ga shi ɗaure da ɗamarar gwanjo mai faɗin tafin hannu, kanta na ƙarfe mai walƙiya da hoton bajimi a jiki, irin ta makiyayan shanun Amurka na cikin silima. Yara suka bushe da dariya, ni ma na dara. Bayan an natsa, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, to su mutanen wancan zamanin da me suke ɗaure tasu?" Amsar da na ba ta ranar ba ta gamsar da ita ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Abin da na tattara tun daga lokacin shi ne nake son in ajiye a gaban ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu, tun da kusan kowace shekara wani daga cikinmu yakan tufatar da yara da sunan tarihi.

Mu fara da suna. Abin da muke kira kan ɗamara, Faransawa na ce masa boucle, kalmar kuwa ta fito daga Latin, buccula, wato ɗan kumatu. Da ita Rumawa ke kiran sashen hular ƙarfe da ke rufe kumatun soja, daga baya ta koma sunan tozon ƙarfen da ke tsakiyar garkuwa. Daga nan ne kalmar bouclier, garkuwa, ta samo asali. Malamin faransanci da ya nuna wa aji wannan dangantaka ya ci riba biyu da kalma ɗaya. Shi kan ɗamarar kansa sassa uku gare shi: zoben da fata ke ratsawa, da harshen da ke shiga huda, wanda suke kira ardillon, da fallen ƙarfe da ake naɗewa a kama bakin fata da ƙananan ƙusoshi. A ɗaya ƙarshen ɗamarar sau da yawa akan sa wani ɗan kube na ƙarfe, mordant, don kada fatar ta lanƙwashe, ta kuma sauka daidai saboda nauyinsa.

Kuskuren farko da muke yi shi ne ɗaukar Zamanin Tsakiya na Turai kamar yini guda. Shekara dubu ce, daga ƙarni na 5 zuwa ƙarshen na 15, kuma kan ɗamarar farkonta bai yi kama da na ƙarshenta ba ko kaɗan.

A zamanin sarakunan Merovingien, ƙarni na 6 da na 7, ana binne manya da tufafinsu da makamansu, shi ya sa muka san ɗamararsu fiye da yadda muka san gidajensu. Kawunan ɗamarar wannan lokaci manya ne, masu nauyi, wasu na tagulla, wasu na baƙin ƙarfe da aka sassaƙa aka cusa zaren azurfa cikin zanen. A ƙasar Burgondawa an samu da yawa masu hoton Annabi Daniyel tsakanin zakuna. A 1959, a ƙarƙashin majami'ar Saint-Denis kusa da Paris, Michel Fleury ya buɗe kabarin wata mace wadda zoben hannunta ke ɗauke da sunan Arégonde, matar sarki Clotaire na ɗaya. Cikin kayanta akwai babban kan ɗamara na azurfa da zinariya da jajayen duwatsu. A Ingila kuwa, a 1939, an tono jirgin ruwan da aka binne wani basarake a ciki a Sutton Hoo, aka tarar da kan ɗamara na zinariya mai nauyin fiye da giram 400, an lulluɓe shi da zanen dabbobi masu sarƙe da juna, cikinsa rami ne, bayansa na buɗewa kamar ɗan akwati. Yana British Museum a Landan. Wanda ya ɗaura irin wannan ba don riƙe riga ya ɗaura shi ba, don a san ko shi wane ne tun daga nesa. Ba duka ba ne suka iso gare mu: dukiyar kabarin sarki Childéric da aka gano a Tournai a 1653, ɓarayi sun sace ta a Paris a 1831, suka narkar da mafi yawan zinariyar, sai zane-zanen da aka yi kafin satar suka rage shaida.

Daga ƙarni na 8 al'adar binne mamaci da kayansa ta gushe a ƙasar Farankawa, sai shaidar ta yi ƙaranci na tsawon ƙarnuka. Da ta dawo da yawa, ba daga kaburburan sarakuna ta dawo ba, daga juji ta fito. Mutanen Landan sun riƙa cike bakin kogin Tamiz da shara suna kafa katangun itace don su ƙara fili, kuma da yake ana iya gane shekarar da aka sare itace ta hanyar ƙidaya zobban cikinsa, sai kowane tarin shara ya samu lokacinsa. Geoff Egan da Frances Pritchard sun tattara abin da aka tono suka wallafa a 1991, cikin littafin da ya shafi kayan ado na tufafi daga wajen 1150 zuwa 1450, wanda har yanzu masu wannan sha'awa ke komawa gare shi. Abin da littafin ya nuna ya saɓa wa abin da silima ta saba mana da shi. Ɗamarar talaka da ta ɗan kasuwa siririya ce, galibi ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, kanta kuma ƙarami, mai siffar ƙwai ko harafin D, na tagulla, wani lokaci har sawun zarto yana nan a jikinsa. Mai zobe biyu, wanda ya yi kama da tabarau, sai daga wajen tsakiyar ƙarni na 14 ya yaɗu, ya kuma daɗe har bayan Zamanin Tsakiya.

Akwai wani abu da ya kamata mai shirya wasa ya riƙe: ɗamarar nan ba a wando take ba. Wando mai madaukai da muke zura bel a ciki sabon abu ne. A kan riga ake ɗaura ta, kuma da yake tufafin ba su da aljihu, a jikinta ake rataya jakar kuɗi da wuƙa da mabuɗai. Takan yi tsawo, ragowar ta sauko gaba har wajen gwiwa. A ƙarni na 14 mahaya masu sulke suka fito da wata mai faɗi, ta farantan ƙarfe masu ado, wadda ke zama a kan kwatangwalo. Ana ganinta a siffar kabarin Baƙin Yarima, ɗan sarki Edward na uku, wanda ya rasu a 1376, a Canterbury. Wannan ta manya ce. Sa wa makiyayi irinta daidai yake da naɗa wa ɗan dako rawani mai kunne biyu.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a binciken nan shi ne labarin masu sana'ar. Wajen 1268 Étienne Boileau, wakilin sarki Louis na tara a birnin Paris, ya sa aka rubuta dokokin sana'o'i kimanin ɗari. A cikinsu masu ƙera kan ɗamara ƙungiya biyu ne dabam: masu yin na baƙin ƙarfe, da masu yin na tagulla da jan ƙarfe. Duk Bahaushen da ya karanta wannan zai tuna da rabuwar maƙeran baƙi da maƙeran fari a garuruwanmu. A Landan, takardar izini da sarki Edward na uku ya ba masu yin ɗamara a 1327 ta hana a ƙawata ɗamara da dalma ko kuza, domin a ganinsu aikin algus ne, yana ƙyalli kamar azurfa amma ba ya jimiri. Sai dai tonon bakin kogi ya fito da irin waɗannan na dalma da kuza masu ɗimbin yawa, alamar cewa mai ƙaramin ƙarfi ya ci gaba da sayen abin da aljihunsa zai iya, ko da doka ko babu. A 1363 kuma majalisar Ingila ta kafa dokar tufafi wadda ta hana masu sana'ar hannu ɗaura ɗamarar zinariya ko azurfa. Ba a hana abin da ba a yi. Dokar da kanta shaida ce cewa bayan annobar 1348, da ma'aikata suka yi ƙaranci lada ya hau, wasu maƙera da masaƙa sun fara ado irin na iyayen gijinsu.

Su Turawan yau da ke raya wannan zamani, masu taruwa a bikin Provins a Faransa ko a filin yaƙin Hastings na 1066 a Ingila, sun kasu biyu. Akwai masu neman nishaɗi kawai, waɗanda ke sayen duk abin da ɗan tebur ya kira na da. A wurinsu ne aka fi ganin doguwar ɗamara mai ƙaton zobe marar harshe, wadda ake ƙullawa da hannu; ta cika kasuwannin buki, alhali kawunan ɗamarar da ake tonowa masu harshe ne. Akwai kuma ƙungiyoyi masu tsanani, waɗanda ke duba kayan kowane mutum kafin ya shiga fili, su tambaye shi shekara da ƙasa da matsayin wanda yake kwaikwayo. Waɗannan ba sa amincewa da kan ɗamara sai maƙerin ya faɗi ainihin wanda ya kwafa, da inda aka tono shi. Masu sulke sukan koma ga ramukan Visby, a tsibirin Gotland, inda aka binne waɗanda suka mutu a yaƙin 1361, wasu da sulkensu a jiki; Bengt Thordeman ya wallafa sakamakon tonon a 1939. Sauran kuma suna da wata taska da ba ta buƙatar kuɗin jirgi: tun 1997 Ingila da Wales ke da tsarin rajistar tsofaffin kayan da jama'a ke tsinta a gonaki, kuma hotunansu na intanet kyauta, kowane da ma'auninsa da ƙiyasin zamaninsa. Kan ɗamara na cikin abubuwan da suka fi yawa a can, domin abu ne da ke tsinkewa ya faɗi a hanya.

A nan ne na ga ashe mu ba mu da dalilin jin ƙasƙanci. Baturen da ke son abin gaskiya yana biyan kuɗi mai yawa don a yi masa zubi da hannu, a jeme masa fata da ɓawon itace maimakon sinadarin masana'anta. Mu kuwa duka biyun suna bayan gidanmu. Majemanmu har gobe da bagaruwa suke jima, wadda ta fi kusa da jimar ɓawon itacen oak ta Turai ta da fiye da fatar kanti mai sheƙi. Masu zubin tagulla kuma, irin waɗanda ke aiki a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, suna siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin su zuba ƙarfe a gurbinsa.

Na buga hoton wani kan ɗamara mai zobe biyu na ƙarni na 15 daidai girmansa, na kai wa wani maƙerin fari a unguwarmu. Ya juya takardar ya ce: "Malam, wannan ai bai kai awarwaro wuya ba." Zubin farko ya lalace, laifina ne: na manta ban gaya masa sandar tsakiya za ta ɗauki harshe da fata tare ba, sai ya yi ta siririya, ta karye a hannun yaro ranar gwaji. Na biyu ya yi kyau, sai dai ya goge shi har yana ɗaukar ido, don a ganinsa abin kunya ne ya ba malamin makaranta aiki mai sawun zarto. Da ƙyar na shawo kansa ya bar sauran ukun yadda suka fito. Baduku ya yanka mana ƙirgi siriri, ya ɗaura kawunan da ƙusoshin jan ƙarfe. Makiyayi kuwa ba mu sa masa kai ba sam, igiya ya ɗaura, haka ya fi dacewa da wanda ake biya da ƙyar.

Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci ne, wa zai ga ƙarfe mai girman ɗan yatsa daga kujerar baya? Yana da gaskiya ta wannan fuska, mai kallo ba zai gani ba. Amma yaran da suka ɗaura sun gani, kuma su nake koyarwa. Mai sayar da yadin namu, da ya rataya jakar kuɗinsa a ɗamara, da kansa ya gano dalilin da ya sa hannunsa zai riƙa komawa ƙugu duk lokacin da lauya ya matso yana masa daɗin baki, kuma wannan motsi ya fi duk bayanin da na yi a allo nuna halin mutumin. Yarinyar da ta yi tambayar kuwa ta dawo da wata: idan za mu nuna fadar Damagaram ta zamanin sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da me za mu ɗaure ɗamarar dogarai, da ƙarfe ko da ƙulli? Na ba ta littafin rubutu, na tura ta wurin kakanta.