Tafiyar Safa Tsakanin Biranen Amurka da Yaƙin Wariyar Launin Fata, 1914 zuwa 1961

1.0 Gabatarwa

Baƙon da ya sauka a Amurka da guzuri kaɗan, kuma yake son ya ratsa ƙasar daga wannan birni zuwa wancan, galibi tashar safa yake nufa, domin kuɗinta bai kai na jirgin sama ba. Yakan yanki tikiti, ya shiga mota, ya zauna a kujerar da ya ga dama, in an yada zango ya ci abinci a ɗakin da kowa yake ci. Amma kafin ranar 1 ga Nuwamba 1961, baƙar fata, ɗan ƙasa ne ko baƙo, ba shi da wannan dama a jihohin kudancin ƙasar. Wannan maƙala ta bi tarihin safarar fasinja tsakanin biranen Amurka tun daga kafuwarta, ta duba shari'o'in da aka yi a kan kujerar mota, sa'an nan ta nuna dalilin da ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 1946 ya yi shekara 15 yana kwance a takarda kafin ya yi aiki a tasha.

2.0 Kafuwar Safarar Fasinja

A shekarar 1914 wani ɗan ƙasar Suwidin da ya yi ƙaura zuwa Amurka, mai suna Carl Eric Wickman, ya kasa sayar da wata mota ƙirar Hupmobile mai cin mutum bakwai a garin Hibbing na jihar Minnesota. Sai ya mayar da ita ta haya, yana jigilar ma'aikatan haƙar tama daga Hibbing zuwa Alice, tazarar kimanin mil biyu, a kan santi 15. Daga wannan ɗan ƙaramin ciniki ne aka yi ta haɗa kananan kamfanoni wuri guda har aka sami kamfanin da ya ɗauki sunan Greyhound a 1930. A 1936 kuma waɗansu masu motoci masu zaman kansu suka haɗa kai a ƙarƙashin sunan Trailways domin su yi gogayya da shi.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne dokar 1935, wadda ta sanya motocin da ke ƙetare iyakar jiha a ƙarƙashin Hukumar Kula da Kasuwanci Tsakanin Jihohi, wato ICC, wadda aka kafa tun 1887 saboda jiragen ƙasa. Tsarin mulkin Amurka ya bai wa gwamnatin tarayya ikon tsara kasuwanci tsakanin jihohi, ya bar wa kowace jiha al'amuranta na cikin gida. Saboda haka motar da ke yawo a cikin gari tana ƙarƙashin dokar jiha, amma wadda ta taso daga Washington ta nufi New Orleans tana ratsa jihohi da dama, kuma tarayya tana da ta cewa a kanta. A kan wannan bambanci ne lauyoyin baƙar fata suka gina hujjarsu.

3.0 Halin Matafiyi Baƙar Fata a Kudu

Tushen wariyar a doka shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson, wanda ya halatta a raba fari da baƙi a taragon jirgin ƙasa muddin an ce abin da aka tanada wa kowa daidai yake. Da safa ta bayyana, sai jihohin kudu suka shimfiɗa wannan doka a kanta. Baƙar fata yana zama a kujerun baya, kuma in mota ta cika direba yana da ikon ya tashe shi domin farar fata ya zauna. A tasha kuwa an raba ɗakin jira, da makewayi, da famfon shan ruwa, da wurin cin abinci, kowanne da allonsa. A wurare da yawa ta taga ake miƙa wa baƙar fata abinci.

Wannan hali ya shafi mutane masu yawa, domin daga shekarun 1910 zuwa 1970 kimanin baƙaƙe miliyan shida ne suka ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa da na yamma, kuma suna komowa gida ziyara ko biki ko ta'aziyya. Mutum yakan taso daga New York yana zaune a gaba, amma da mota ta wuce Washington ta shiga Virginia sai a ce ya koma baya, alhali tikitinsa kuɗi ɗaya ne da na wanda ya gaje masa kujera.

4.0 Shari'o'i Uku

Shari'a ta farko ta Irene Morgan ce. A watan Yuli 1944 wannan mata, mai shekara 27, ta shiga motar Greyhound daga gundumar Gloucester ta Virginia za ta koma Baltimore, ba ta daɗe da tashi daga jinya ba. Direba ya ce ta bar wa waɗansu fararen fata kujera, ta ƙi, aka kama ta a garin Saluda. Ta biya tarar dala 100 ta yin gardama da ɗan sanda, amma ta ƙi biyan dala 10 ta karya dokar wariya. Lauyoyin ƙungiyar NAACP, William Hastie da Thurgood Marshall, suka kai maganar Kotun Ƙoli. Hujjar da suka kafa ita ce dokar Virginia tana kawo cikas ga zirga-zirga tsakanin jihohi, tun da fasinja zai yi ta sauya kujera a kowace iyaka. Ranar 3 ga Yuni 1946 kotu ta amince da wannan hujja.

Kamfanonin mota suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin, suka ce raba kujeru ƙa'idar kamfani ce, ba dokar jiha ba. A watan Afrilu 1947 maza 16, baƙaƙe takwas da farare takwas, a ƙarƙashin jagorancin Bayard Rustin da George Houser, suka shiga motoci suka zaga Virginia da North Carolina da Tennessee da Kentucky domin su gwada hukuncin. An kama da dama daga cikinsu, kuma Rustin ya yi kwana 22 yana aikin gwale-gwale tare da fursunoni a North Carolina.

Ta biyu ita ce ta Sarah Keys, wata soja mace da aka kama a garin Roanoke Rapids a watan Agusta 1952, tana sanye da kayan sarki, saboda ta ƙi tashi wa wani soja farar fata. Lauyarta, Dovey Johnson Roundtree, ta kai ƙara gaban ICC, kuma a Nuwamba 1955 hukumar ta yanke cewa raba fasinjojin da ke ƙetare jiha ya saɓa wa doka. Sai dai hukumar ba ta tilasta wa kowa bin abin da ta yanke ba.

Ta uku ita ce ta Bruce Boynton, ɗalibin shari'a a Jami'ar Howard, wanda aka kama a Disamba 1958 a wurin cin abinci na farar fata a tashar Trailways ta Richmond. Ranar 5 ga Disamba 1960 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wurin cin abincin tasha wani ɓangare ne na tafiyar, saboda haka haramcin wariya ya haɗa da shi.

5.0 Matafiyan 'Yanci na 1961

Zuwa ƙarshen 1960 ba sauran wata hujja ta doka da ta rage wa masu wariya, amma alluna suna nan rataye a tashoshi. James Farmer, shugaban ƙungiyar CORE, ya fahimci cewa gwamnatin tarayya ba za ta motsa ba sai al'amari ya kai matsayin da shirunta zai zame mata abin kunya. Ranar 4 ga Mayu 1961 mutum 13, baƙaƙe bakwai da farare shida, suka tashi daga Washington a motoci biyu, ɗaya ta Greyhound ɗaya ta Trailways, da nufin isa New Orleans ranar 17 ga wata. Sun ɗauki alkawarin ba za su rama duka ba.

A Rock Hill ta South Carolina aka fara dukan John Lewis, wani ɗalibi mai shekara 21. Ranar 14 ga Mayu 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka tare motar Greyhound a tashar Anniston ta Alabama, suka yanka tayoyinta, suka bi ta har ta tsaya kimanin mil shida daga gari, sa'an nan suka jefa mata wuta ta taga. Da ƙyar fasinjoji suka fita da ransu. A Birmingham kuwa 'yan sandan Bull Connor suka ƙaurace wa tashar Trailways na kimanin minti 15, aka lakaɗa wa matafiyan duka da sanduna da bututun ƙarfe, har sai da aka yi wa James Peck ɗinki fiye da 50 a ka. Direbobi suka ƙi ɗaukar su, suka ƙarasa New Orleans ta jirgin sama.

Da an tsaya a nan, da tafiyar ta bi sawun ta 1947. Amma ɗaliban Nashville, bisa jagorancin Diane Nash, suka ce in aka bari duka ya tsai da tafiya, to an koya wa maƙiya hanyar tsai da kowace tafiya. Ranar 17 ga Mayu mutum goma suka nufi Birmingham. Ranar 20 ga wata aka far musu a tashar Greyhound ta Montgomery, har aka sumar da John Seigenthaler, wakilin Ministan Shari'a Robert Kennedy. Kashegari gungun mutane suka kewaye cocin Ralph Abernathy, inda fiye da mutum dubu suke tare da Martin Luther King, sai da jami'an tsaron tarayya da dakarun jiha suka shiga tsakani. Daga ranar 24 ga Mayu aka koma kama matafiyan da zarar sun sauka a Jackson ta Mississippi, da sunan ta da zaune tsaye. Yawancinsu suka ƙi biyan tara, suka zaɓi gidan yari. Kafin ƙarshen bazarar an kama fiye da 300 a Jackson, aka tura da yawa kurkukun Parchman, kuma jimillar waɗanda suka shiga tafiye-tafiyen ta haura 400.

6.0 Idon Duniya da Baƙin Afirka

Ba za a fahimci matakin gwamnatin John Kennedy ba sai an duba siyasar duniya ta lokacin. Hoton motar da ke ci da wuta a Anniston ya bazu a jaridun duniya ana saura mako uku Kennedy ya gana da Nikita Khrushchev a Vienna, kuma Tarayyar Sobiyet ta yi amfani da irin waɗannan hotuna a farfagandarta. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, ciki har da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma jakadunsu sun fara bin hanyar da ta haɗa New York da Washington. Tun a Oktoba 1957 an hana Ministan Kuɗi na Gana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a wani wurin cin abinci a Dover ta Delaware, har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo domin ba shi haƙuri. A Yuni 1961 aka hana jakadan Chadi, Adam Malick Sow, shan gahawa a Maryland yana kan hanyarsa ta miƙa takardun kama aiki. A watan Yuli na wannan shekara, lokacin da Firayim Ministan Nijeriya Abubakar Tafawa Ɓalewa yake jawabi a Majalisar Dokokin Amurka, Matafiyan 'Yanci suna tsare a Parchman. Ƙasar da take neman ƙawancen Afirka ta ga cewa abin da ke faruwa a tashoshinta yana rushe mata abin da take ginawa a waje.

Da farko Robert Kennedy ya roƙi matafiyan su dakata, suka ƙi. Ranar 29 ga Mayu 1961 ya rubuta wa ICC takardar neman ta fitar da ƙa'idoji masu tilastawa. Ranar 22 ga Satumba hukumar ta fitar da su, suka fara aiki ranar 1 ga Nuwamba. Aka wajabta wa kowace mota mai ƙetare jiha ta liƙa sanarwar cewa zama ba ya bin launin fata ko addini ko asali, aka kuma hana ta tsayawa a tashar da ke raba fasinja. Wannan sharaɗi na biyu shi ya fi tasiri, domin tashar da motoci suka daina shiga cinikinta ya mutu. Waɗansu garuruwan Mississippi sun ci gaba da turjiya, amma sannu a hankali alluna suka sauka, kuma Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ta faɗaɗa haramcin zuwa otal-otal da gidajen abinci baki ɗaya.

7.0 Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne hukuncin kotu ba ya aiwatar da kansa. Hukuncin 1946 ya shafi kujera, na 1960 ya shafi tasha, amma dukansu sun jira abubuwa uku kafin su yi aiki: mutanen da suka yarda a dake su a gaban 'yan jarida, da gwamnatin da ke jin kunyar duniya, da hukumar da ke da ikon taɓa aljihun kamfani. A 1947 na farkon ne kawai aka samu, shi ya sa tafiyar ta wuce ba ta sauya komai ba.

Ita kuwa safarar ta shiga wani hali bayan haka. A shekarun 1960 Greyhound ya riƙa sayar wa baƙi daga ƙasashen waje tikitin yawo na kwana 99 a kan dala 99. Amma yawaitar motocin gida da arahar jirgin sama sun rage masa fasinja. An sassauta dokokin safarar a 1982, Greyhound ya sayi babban kamfanin Trailways a 1987, ya shiga kotun fatara a 1990, kuma a 2021 kamfanin Jamus mai motocin FlixBus ya saye shi. Tsohuwar tashar Montgomery ta zama gidan tarihi a 2011, a 2017 kuma Shugaba Barack Obama ya ayyana tashar Anniston da wurin da aka ƙona motar a matsayin wuraren tarihi na ƙasa. John Lewis, wanda aka fasa wa kai a Montgomery, ya wakilci Atlanta a Majalisar Wakilai daga 1987 har ya rasu a 2020.