Yaushe Aka Fara Fitar da Yara Daga Sujada?

A majami'u da yawa na Jos, Kaduna da Yola, akwai wani lokaci a sujadar Lahadi da kowa ya san zuwansa. Mawaƙa sun zauna, an gama sanarwa, fasto yana gyara takardunsa, sai mai jagora ya ce yara su tashi su bi malamansu. Layi ya miƙe zuwa ƙofar gefe, wani na jan takalmi, wata na waiwayen uwarta, ɗakin ya yi tsit. A wasu wuraren ma yaran ba sa shigowa sam, daga bakin ƙofa ake karɓarsu. Mutane sun saba da wannan har suna ɗauka da shi addinin ya zo. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Fitar da yara daga ɗakin sujada sabon abu ne, kuma makarantar Lahadi da ake fakewa da ita an ƙirƙiro ta ne domin a kai yara cikin taro, daga baya aka juya ta ta zama hanyar fitar da su.

Shaidar farko tana cikin Littafi Mai Tsarki. A Maimaitawar Shari'a sura 31 Musa ya umarta a riƙa tara maza da mata da ƙananan yara su saurari karatun shari'a, annabi Yowel kuwa ya haɗa har da masu shan nono a kiran da ya yi na taro. Wasiƙun Bulus a gaban jama'a ake karanta su, kuma a ta Afisawa da ta Kolosiyawa akwai inda ya juya ya yi wa 'ya'ya magana kai tsaye, kamar yadda ya yi wa mazaje da matansu. Ba a yi wa wanda ba ya nan magana. Abin da ya biyo bayan zamanin manzanni ya fi wannan fitowa fili. Wani littafin tsarin ikilisiya da aka rubuta a ƙasar Siriya a ƙarni na 3, mai suna Didaskaliya, ya tsara wurin zaman kowa, ya ce yara su tsaya a gefe guda ko iyayensu su riƙe su. Wani makamancinsa na wajen shekarar 380 ya ce a tsayar da su kusa da inda ake karatu, a sa mai hidima ɗaya ya lura da su kada su yi ɓarna. A daidai wannan zamani wata mata mai suna Egeriya ta kai ziyara Urushalima, ta rubuta cewa a addu'ar yamma, duk sunan da mai hidima ya ambata, tarin yara ne ke amsawa da roƙon jinƙan Ubangiji, muryoyinsu sun cika wurin. Ashe yaran suna da aikin yi a sujadar, ba zaman jira suke ba. Har yau ikilisiyoyin Kibɗawan Masar da na Habasha da na Girka suna ba jarirai jibin Ubangiji a hannun iyayensu mata.

Kada a ɗauka yaran da can sun fi na yanzu natsuwa. Dokar da ta sa a tsayar da mai lura da su ita kanta shaida ce cewa suna ƙiriniya. Turawan Ingila masu tsananin addini da suka kafa garuruwa a gabashin Amurka a ƙarni na 17 sukan jera yara maza a kan matakala, a naɗa mutum mai doguwar sanda yana zagayawa, wanda ya yi surutu ko gyangyaɗi ya ji ta a ka. Ba abin koyi ba ne, amma yana nuna cewa mutanen da wa'azinsu ke wuce awa guda sun gwammace wahalar tsaron yara da su sallame su.

Makarantar Lahadi ta fito ne daga wata matsala dabam. A 1780 Robert Raikes, mai jarida a birnin Gulosta na Ingila, ya ga 'ya'yan talakawa da ke aiki kwana shida a masana'antu suna yini a titi ranar Lahadi, ba karatu, ba mai kwaɓa. Ya ɗauki mata yana biyansu su koya wa yaran karatu a gidajensu, Littafi Mai Tsarki ne littafin koyo. Tsarin yinin shi ne abin lura: darasi da safe, a je gida cin abinci, a dawo, sannan a jera su a kai su majami'a su yi sujada tare da kowa, daga nan a koma bitar katikizim har yamma. Yaran da aka yi makarantar dominsu su ne waɗanda ba su da mai kai su coci. Mai iyaye masu zuwa sujada yana gefensu, koyarwarsa kuwa a gida take, kamar yadda Martin Luta ya tsara ƙaramin katikizim ɗinsa na 1529 domin maigida ya koya wa iyalinsa. Abin ya bazu da sauri, har zuwa 1831 yara fiye da miliyan ɗaya ke zuwa irin waɗannan makarantu a Birtaniya. Da gwamnati ta ɗauki nauyin karatun firamare da dokar 1870, sai makarantar Lahadi ta bar koyar da baƙaƙe ta koma darasin addini zalla, 'ya'yan 'yan ikilisiya suka cika ta. Ko a lokacin tana da sa'arta dabam, kafin sujada ko bayanta. Sai a ƙarni na 20, musamman a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, da haihuwa ta yi yawa, majami'u suka gina azuzuwa, iyali kuma suna so su zo da mota ɗaya su koma cikin awa ɗaya, aka saba haɗa darasin yara da sujadar manya a lokaci guda. Sauƙin zirga-zirga ne ya yanke hukuncin, tauhidi ya biyo baya yana neman hujja.

A arewacin Najeriya labarin ya ɗauki wata kama, domin a wurare da yawa yara ne suka riga iyaye shiga. Mishan ɗin SUM ya buɗe gidan renon 'ya'yan bayi da aka 'yanta a Rumaisha a bakin Binuwai a 1909. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya fara da makarantar yara maza a birnin Zariya kafin aikin ya koma Wusasa a 1929, kuma 'yan makarantar nan su ne suka zama iyayen gidajen Kiristan Hausawa da aka sani. A ƙauyukan Filato da kudancin Zariya da Adamawa, ɗakin da ake koyon karatu a ranakun mako shi ne majami'a ranar Lahadi, kuma da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sau da yawa ɗan makaranta ne mai iya karanta wa dattawa. Gaskiya ne cewa kujerar iyali irin ta Turawa, uba da uwa da 'ya'ya a benci ɗaya, ba ta zama al'ada a nan ba. Maza na gefe, mata na gefe, jariri a goye, yara a tabarma gaban mumbari inda idon dattijon ikilisiya ke kansu. Amma wannan tsari ya fi kama da na Didaskaliya fiye da na Turawa, kuma duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Yarinyar da ta tashi tana jin 'yan zumuntar mata suna buga tulu suna amshi, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata waƙar.

Masu goyon bayan raba yara da manya suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Suna cewa yaro ɗan shekara biyar ba ya fahimtar wa'azi, har suna kawo littafin Nehemiya inda aka ce waɗanda suka taru su ne masu iya ganewa. Amsar ita ce sujada ba wa'azi kaɗai ba ce. Akwai waƙa, da addu'a, da baiko, da baftisma, da ganin uba mai faɗa a gida ya sunkuyar da kai yana neman gafara. Waɗannan da ido ake koyonsu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan fahimtar kowace jimla ce sharaɗin zama, to a garuruwan da ake wa'azi da Turanci ko da Hausa ga mutanen da yarensu dabam ne, tsofaffi da yawa ma sai su bi layin yara. Hujja ta biyu ta fi nauyi: uwa mai 'ya'ya uku ƙanana ba ta jin komai, ga harara daga benci na gaba, ɗan kuka kuwa shi ke jawo wa uwarsa jifa. Wannan gaskiya ne, sai dai laifin na tsarin da ya bar wa mace ita kaɗai ɗawainiyar ne, alhali maigidan yana can ɓangaren maza ya harɗe ƙafa. Ikilisiyar farko ta ɗora aikin a kan mai hidima, wato a kan jama'a duka.

Cocin Katolika ya bi hanyar tsakiya a 1973, ya yarda a fitar da yara su ji karatu da bayani daidai da hankalinsu, amma su dawo wurin iyayensu kafin a shiga addu'ar jibi. Wannan ya fi kusa da abin da Raikes ya yi, domin darasin yana ƙarewa ne a cikin taro. Inda ake riƙe yaro a aji tun daga yaye har ya kai shekara goma sha biyu ko sha uku, ranar da aka ce ya girma ya shiga wurin manya, baƙo yake shiga: bai san lokacin tashi da na zama ba, waƙoƙin littafi ba su zauna masa a baki ba, fasto kuma bai san sunansa ba.