Daga Karan Ɗori zuwa Wuƙar Likita

A ƙasar Ƙonni da Illela, gyaran karaya aikin maɗori ne tun kaka da kakanni: ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara. Gwiwar hannu ce takan gagare shi, domin in karaya ta shiga gaɓa, hannu kan warke a sandare, manomi ya kasa riƙe hauya.

A 1950 mishan SIM ta buɗe asibitin Galmi, a gundumar Malbaza ta yau. Bayan kafa ƙungiyar AO a Suwizalan a 1958, wata dabara ta yaɗu: likita ya yanke tsinin ƙashin gwiwa da gangan, ya ga gaɓar a fili, ya haɗa gutsattsarin, ya mayar da tsinin ya ɗaure da waya. Dabarar tana son a zo da wuri, mai karaya a karkara kuwa yakan fara biyawa ta wurin maɗori.