Daga Tubali Zuwa Bulo: Tarihin Gini a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya saba da littattafanmu na hikaya ya san irin gidan da marubuta suka fi son ajiye tauraruwar labari. Mota za ta yi hon, maigadi ya rugo ya wangale get, a wuce harabar da aka malale da siminti, a faɗa falon ƙasa, daga nan a haye bene. Da wuya ka ga baƙo ya yi sallama a zaure ya tsaya jiran yaron da zai shiga ya faɗa wa maigida. Ban ga laifin marubutan ba, domin kuwa abin da mutane ke buri suke rubutawa. To amma ni da na tashi a kudancin jihar Sakkwato, tsakanin Tambuwal da Kebbe, na ga ya dace mu waiwaya mu ga yadda aka yi gidan ƙasa ya fita daga burinmu, da abin da ya tafi tare da shi.

Bari in fara da ganuwa, domin a wannan yanki gari ya riga gida. Tun a ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kewaye birninsa na Surame da ganuwar duwatsu da ƙasa, kuma har yau kufanta na nan a cikin jihar Sakkwato. Bayan jihadi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki tsarin kafa ribaɗi a bakin iyakoki, wato garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma domin su tsare daula. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya ƙare rayuwarsa. Tambuwal, wadda ke kimanin kilomita 100 kudu da Sakkwato a kan hanyar Jega, ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna a cikinta, kuma sarautar garin tana hannun zuriyarsa. Wuri ne da ke tsakanin Kabawa ta yamma da ƙasar Zamfara ta gabas, saboda haka tsoron hari shi ya fara zana taswirar garuruwan yankin. Gidaje a cunkushe, lunguna a matse a karkace, ƙofofin gari 'yan kaɗan da ake rufewa da dare. Kuma kada mu ɓoye wa kanmu gaskiya, irin wannan gagarumin aiki da gumin talakawa da na bayi aka yi shi, wani da gayya wani da tilas.

A cikin ganuwar kuwa, kayan gini duk na gida ne. Ana haƙo jar ƙasa a bayan gari, a zuba ruwa, a cakuɗa ta da ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango, yara na jefo masa tubali da curin kwaɓi yana cafewa yana jerawa. Bangon yakan yi kauri ƙwarai a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ke zama kududdufin unguwa, inda ruwan damina ke taruwa. Ka ga ke nan gida da kududdufi tare ake haihuwarsu.

Rufin soro kuwa sai da azara, wadda ake fasowa daga giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara tana da iyaka, in ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da madogari ba, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Wannan ne ya sa shigifar talaka take da ƙunci, itace ne ya yanke mata faɗi. Mai son ɗaki mai faɗi sai ya nemi gwanin da ya iya bakan gizo, wato a riƙa ɗaura azara a kan azara ana turo ta gaba daga bango biyu har su haɗu a sama, a lulluɓe da ƙasa. In aka gitta bakan gizo da yawa sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. A waje a yi rawani da zankwaye, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango, a shafe jikin ginin da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. A ƙauyuka kuma, musamman wajen Kebbe da Kuchi inda Gulbin Zamfara ya ratsa, ɗakin kago mai jinka da dangar kara da rumbuna su suka fi yawa.

Wannan sana'a ba ta zauna wuri ɗaya ba ko a wancan zamani. Baturen nan Kilafatin da ya zo Sakkwato a 1824 ya tarar ana gina wa Waziri Giɗaɗo masallaci, kuma ya rubuta cewa maginin mutumin Zazzau ne, wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya ga irin gininsu. A Zariya kuwa, zamanin Sarki Abdulkarimu, daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo har gobe. Saboda haka duk wanda ya ce maginan ƙasar Hausa ba su san sabon abu ba sai da Bature ya zo, bai yi musu adalci ba.

To ga inda nake son mai karatu ya tsaya ya lura. Gidan ƙasa ba a gama gininsa. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an hau soro an toshe tsaga, an gyara indararo, an yi wa bango sabon yaɓe. Mata su yi daɓen ɗaki suna waƙa, samarin unguwa su taru a yi gayyar jinka, maigida ya ba da fura da goro. Gidan da ya samu wannan hidima zai ga jikoki da tattaɓa kunne, wanda aka yi wa sakaci damina uku kuwa sai ya zama kango. Wato gidan ƙasa alkawari ne tsakanin mutum da danginsa da maƙwabtansa, wanda ake sabuntawa duk rani. Shi ya sa tsarinsa ma na jama'a ne. Zaure a gaba, inda maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta, malam ya karantar, masaƙi ko baduku ya yi sana'a, baƙon da dare ya riska ya kwana. Bayansa ƙofar gida da ɗakin samari, sai shigifa, sannan cikin gida inda namiji baƙo ba ya takawa. In ɗa ya yi aure sai a ja masa ɗaki a gefe, in tsoho ya rasu ɗakinsa ya faɗi, ƙasarsa ta koma cikin wani bangon.

Abin da ya fara kwance wannan alkawari shi ne zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Yaƙe-yaƙe suka ƙare, ganuwa ta rasa aikin yi, ba mai tilasta gyaranta, mutane suka fita suka kafa tungaye kusa da gonakinsu, wasu ma suka riƙa ɗibar ƙasar ganuwar suna gini da ita. Sai haraji da ake biya da kuɗi ya kori samari zuwa cin rani. Lardin Sakkwato ya yi suna a wannan, da an gama girbi sai majiya ƙarfi su nufi Ikko da Badun da ƙasar Gana, ba su dawowa sai ruwa ya kusa. Mai karatu ya tuna, rani shi ne lokacin gini da yaɓe. Hannuwan da za su tattake ƙasa suna can suna dako a bakin teku. Da suka dawo kuwa, da kuɗi suka dawo, da kuma idon da ya ga rufin kwano.

Shi kwano ya daɗe yana shigowa, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929, amma a farko sai kantunan Turawa da ofisoshin En'e ke da shi. Siminti ya matso kusa da mu ne lokacin da aka kafa kamfanin siminti na Arewa a Kalambaina, bakin Sakkwato, a 1962, ya fara aiki a 1967. Sai shekarun arzikin man fetur suka biyo baya, ga kuɗin Udoji da ma'aikata suka karɓa, ga siminti da gwamnati ta yi odarsa ba lissafi har ɗaruruwan jiragen ruwa suka cunkushe tashar Ikko a 1975. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kuma soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Daga nan kowane gari ya ga ajin makaranta da ɗakin shan magani da sakatariya, duk na bulo da kwano. Yaro ya taso yana ganin hukuma da ilimi da lafiya a cikin bulo suke zaune, shi kuwa a ɗakin ƙasa yake kwana. Haka masallatai, tun da aka sake gina na Kano da kankare wajen 1950, kowane gari ya so nasa mai hasumiya da ƙubba, har na Babban Gwani a Zariya sai da aka lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970.

Canjin a hankali ya shiga gidaje. Da farko a bar bangon ƙasa a ɗora masa kwano, sai a yi masa filasta da siminti, wadda ba ta kama ƙasa da kyau, ruwa ya shiga bayanta ya ci bangon ba a gani ba. Tubalin hannu ya ba da wuri ga bulon ƙasa na akwati, shi kuma ya ba da wuri ga na siminti. Birkila da kafinta da mai walda suka karɓi aikin magini. Giginya ta yi ƙaranci saboda ana sara ba a dasawa, azara ta yi tsada, kududdufai aka cike su da shara aka yanka filaye. A bakin titin Sakkwato zuwa Jega, daga Dogon Daji har cikin Tambuwal, zauruka da dama an fasa su an mai da su shaguna.

Ba zan ce mutane sun yi wauta ba. Duk wanda ya taɓa kwana yana tara kwanoni a ƙarƙashin soro mai yoyo, ko ya ga gobara ta lashe jinkar unguwa guda cikin hunturu, ya san dalilin son kwano. Ambaliyar da ta auka wa jihar Sakkwato a 2010 ta nuna yadda bangon ƙasa ke narkewa in ruwa ya kwanta a gindinsa. Bulo ya 'yantar da mutum daga jiran gayya, in ya gina ya huta. Sai dai kowace riba da kuɗinta. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana ba ya sakinsa sai dare ya yi, shi kuwa ɗakin kwano mai siririn bulo tanda ne tun hantsi. Sanyin da kakanninmu ke samu kyauta, yanzu sai da fanka da wutar da ba ta zama, ko sola ga mai hali. Ga tsada, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, shi ya sa ko'ina ka duba sai ginin da ya tsaya a linta shekara da shekaru. Babbar asara kuwa ita ce zaure. Falo yana cikin gida ne, sai wanda aka sani ke shigarsa, matafiyi da almajiri da maƙwabcin da ya zo cin tuwo ba su da wurin zama. Yau da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan gabashin Kebbe da maƙwabtansu na Zamfara, tsoro ya dawo yana zana mana gini kamar zamanin ribaɗi, amma maimakon ganuwa ɗaya ta kewaye kowa, kowane mai hali ya ja tasa katangar da waya a kai.

Shin ƙasa ta gama yayi ke nan? Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ba haka ba ne. A garin Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙawata shi, har ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. A 2022 kuma Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya yi suna da makarantar ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini a duniya. Dabararsu ba boyayya ba ce, a yi harsashi da dutse ko kankare don ruwa, a tada bango da ƙasa don sanyi, a ɗaga kwano sama da silin don iska ta ratsa, a bar masa baki mai faɗi ya kare bango daga ruwan sama, ta yadda ba sai an yi yaɓe duk shekara ba.

Jar ƙasar Tambuwal da Kebbe tana nan inda take, kuma akwai sauran tsofaffin magina da suka iya ɗaurin guga, sai dai 'ya'yansu sun koma birkiloli. Da ƙananan hukumomin nan biyu za su gina ko da aji ɗaya ko ɗakin shan magani ɗaya da irin wannan bulo, su haɗa tsohon magini da matashin injiniya a kan aikin, da ido ya sake sabawa, tun da ta ginin hukuma bulo ya shigo mana. Ku kuma marubuta, wata rana ku ajiye mana Alhaji mai kuɗi a gida mai zaure, baƙo ya yi sallama a shimfiɗa masa tabarma. Allah Ya sa mu dace, amin.