Daga Miriyas zuwa Zambar: Tarihin Lambar da Ta Fi Ƙarfin Ƙirga

A harshen Girkanci na dā, kalmar ƙidaya mafi girma ita ce miriyas, wato 10,000. Daga nan ba su da wani suna sai dai ninkawa. Shi ya sa masanin lissafi Arkimidis na birnin Sirakus, wanda ya rasu a 212 kafin miladiyya, da ya so ƙiyasta yawan yashin da zai cika duniya, sai ya fara da miriyas sau miriyas, miliyan 100 ke nan, ya ɗora nasa tsarin a kai.

Da wannan harshe aka rubuta Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki, kuma kalmar tana aiki iri biyu a ciki. Wani wuri lissafi ne tsantsa. A Ayyukan Manzanni sura 19, masu sihirin Afisa sun ƙone littattafansu, aka yi musu kuɗi miriyas biyar, azurfa 50,000. Wani wuri kuwa ba ƙirga ake nufi ba, yawa ne da ya wuce misali, kamar taron da ya yi cincirindo a Luka sura 12, ko rundunar mala'iku a Wahayi sura 5.

Inda abin ya fi jan hankalina shi ne misalin bawa mai bashi a Matiyu sura 18. Sarki yana bin sa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuma ladan ɗan ƙodago ne na yini guda. Bashin ya kai ladan yini miliyan 60. Marubucin tarihi Yusufus ya ce abin da ƙasashen Yahudiya, Idumiya da Samariya ke tarawa a shekara talanti 600 ne. Duk wanda ya ji misalin a lokacin ya san an haɗa lamba mafi girma da ma'aunin kuɗi mafi girma don a nuna bashin da ba ya biyuwa. Sarki ya yafe, shi kuwa bawan ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100.

Bahaushe ba baƙon irin wannan ƙidaya ba ne, kasuwa ce ta koya masa. A zamanin wuri, wanda ake kawowa tun daga tsibiran Maldib, kakanninmu na cewa zambar goma, zambar ɗari, har zambar dubu, wadda yau muke kira miliyan. Keso guda wuri 20,000 ne. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya ratsa Tasawa, Katsina da Kano a 1851, ya ga ana ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, a Tasawa. A Kano kuma ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. In yawa ya wuce hankali sai a ce dubun dubata, ba mai tambayar nawa ne.

Wannan taska ce masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka tarar. Yaron Barth, Dorugu, ya bi shi Ingila a 1855, kuma daga bakinsa mai fassara James Schön ya ƙara gyara Hausarsa. Linjilar Matiyu ta Schön ta fito a 1857. Cikakken littafin sai a 1932, bisa jagorancin Likita Walter Miller na Zariya. Kowace aya mai miriyas tana tilasta wa mai fassara yanke hukunci: lamba ce ko kambamawa? In ya kuskure, ko ya mayar da bashin bawan kuɗin da za a iya biya, ko ya ɓatar da farashin littattafan Afisa.

A yau, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, dillalin shanu a kasuwar Sheme da mai sayen buhunan masara da miliyan suke magana. Yaron makaranta, Musulmi ne ko Kirista, da wuya ya san zambar ko keso, balle gomiya biyu da ashirin ta Larabci ta ture tuntuni. A ganina wannan asara ce, domin tsofaffin rubuce-rubucen ajami da labaran haraji da fatauci da waɗannan kalmomi suke magana.

Malaman Hausa na makarantun yankin, ku tura ɗalibanku gun dattawan da suka ji ƙidayar wuri daga bakin kakanninsu, a rubuta ta tun suna raye.