Fir'aunan Da Najib Mahfuz Ya Mayar Mutum

Mai karatu, da an ce maka fim ɗin tarihi, abin da zai faɗo maka a rai bai wuce dawaki da takubba da rawuna ba. To, labarin mutanen da ba ya shiga zuciya sai an sami mutum a cikin rigar, mai tsoro da ƙauna da kuskure irin namu. Marubucin Masar Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya san wannan sarai.

Littattafansa uku na farko, na 1939 da 1943 da 1944, duk a zamanin Fir'auna ya kafa su. Daga nan ya koma rubutu kan unguwannin Alƙahira, yana kuma rubuta labaran finafinai tare da darakta Salah Abu Saif. A 1985 sai ya waiwayi tsohuwar Masar da littafi kan Akhenaten.

Shi wannan sarki ya hau gado wajen shekara 1353 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi shekara 17 yana mulki. Ya rufe ɗakunan bautar Amun, ya ɗaukaka Aten, wato ƙwayar rana, ya kuma gina sabon birni a Amarna ya tare da matarsa Nefertiti. Wasiƙun da aka tono a can a 1887 sun nuna wasu sarakunan Sham da ke ƙarƙashin Masar suna ta roƙon a aiko masu da sojoji. Bayan mutuwarsa aka watsar da birnin, aka cire sunansa daga jerin sarakuna.

Ka ga duk kayan yaƙi da fada sun samu, amma Mahfuz ya bi wata hanya. Wani saurayi ne, Meri Amun, ya ga kufan birnin, sai ya shiga bin mutum 14 da suka san sarkin yana tambayar su. Babban mai bautar Amun ya tsine masa. Sarkin yaƙi Horemheb ya ƙaunace shi, amma ya bar shi don ya ceci ƙasa. Nefertiti ce ta ƙarshe, ita kaɗai a fadar da kowa ya gudu. Kowa na kare kansa ne, kai kuma aka bar ka da hukunci.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Tarihin Kano ya kawo Barbushe da mutanen Dala, da Bagauda wanda aka ce ya fara sarauta a 999. Yaya tsohon da ya ga baƙi sun karɓe garinsu ya kwana a daren nan? Me matarsa ta ce masa? Marubucin da ya amsa wannan ya sami fim, ko da furodusa ba shi da kuɗin hayar doki ɗari.