Ɗan Kasawa, Sarkin Katsina na Maraɗi

Kai mai karatu na Ɗan Issa, ka san abin da ya sa har yau ake ce ma sarkin Maraɗi Sarkin Katsina? To, saurara.

A 1807 mutanen Shehu Usumanu suka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Haladu ya gudu Dankama, can ya faɗa rijiya ya mutu. Sai aka naɗa Ɗan Kasawa, ɗan Sarki Agwaragi, na gidan Korau. Ga sarauta, ba gari, ba fada! Ya daɗe yana zaman baƙunci a ƙasar Damagaram. Wajen 1819 mutanen Maraɗi suka tayar ma Filani, suka kira shi. Ya zauna Maraɗi, amma ya ƙi aje sunan Katsina. Har ya rasu bai koma gadon ubansa ba.